Kada Ki Ɗinke Ƙofar Bargon

Samaru, Zariya.

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Jos lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, da sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Babanku Malam yana sa miki albarka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san na yaƙi da jahilci ne, amma maganar nan ba irin wadda ake ba ɗan makaranta ya rubuta wa mutum ba ce.

A ƙasan akwatinki na sa miki bargon nan na ƙyallaye. Idan kin shimfiɗa shi za ki ga kusurwa ɗaya ba a ɗinke take ba, wajen taƙi guda, har auduga tana leƙowa. Na san halinki. Ko rigar maƙwabci kika ga ta yage, sai hannunki ya fara ƙaiƙayi. To ina haɗa ki da Allah, Bilki, kada ki ɗinke wurin nan. Kuma na ga yadda kika fita kina kumbure-kumbure don na hana ki keken ɗinkin da ke lulluɓe a ɗakin ƙurya, kin ce da shi za ki riƙa ɗan rage zafi a makarantar jinya. Bargon da keken labarinsu ɗaya ne, kuma wautata ce ta haɗa su.

Wautata ta farko ita ce dariya. Ba lallai ki tuna Gwaggo Tabawa ta Dogarawa sosai ba, ƙanwar mahaifinmu ni da 'yar'uwata Asabe, Iyarki da ta haife ki. A wurinta na koyi riƙe allura. Sana'arta ba ta kowa ba ce. Idan mace ta rasu ta bar ƙaramin yaro, bayan an raba gado akan samu zannuwan da ba mai so, waɗanda suka sha wanki har suka yi laushi. Su ake kai wa Gwaggo. Sai ta yayyanka su ta harhaɗa, ta shimfiɗa shiɓaɓɓiyar auduga a tsakiya, ta rufe da wani zanen, ta bi da allura layi bayan layi har ya zama bargo. Marayan ya riƙa lulluɓa da shi yana jin ƙamshin uwarsa, har zuciyarsa ta saba da rashinta.

Ba ta taɓa irin wannan aiki sai da alwala. Kowane layi za ta fara sai ta ambaci sunan mai zanen ta ce Allah Ya jiƙan ta. Idan ta zo naɗe gefe kuwa, sai ta zagaye bargon duka, ta bar taƙi ɗaya a kusurwa. Ranar da na fara gani na ce mata, "Gwaggo, kin manta nan."

Ta ce, "Ban manta ba. Ƙofa ne."

"Ƙofar wa?"

"Na mai zanen mana. Ta leƙo ɗanta, ta koma inda ta fito. Ke za ki so a kulle ki a ɗaki ba ƙofa?"

Na sa gefen mayafi na rufe baki ina dariya. Lokacin an kawo ni Samaru, ina zaune cikin 'yan boko, ina jin rediyo, ina ganin kaina ya waye. Har yau ba zan ce miki ba camfi ba ne. Na tambayi malamai, sun ce mamaci yana inda Allah Ya ajiye shi, kuma na yarda. Amma ga shawarata: idan kika tarar da tsohuwa a bakin aikinta tana yin abin da ba ki gane ba, ki tambaya, in an gaya miki ki riƙe. A asibiti za ki haɗu da irinsu da yawa. Kada ki yi musu dariya, don mai dariya ba ya jin ƙarshen magana.

Wauta ta biyu a kasuwar Sabon Gari na sayo ta. Ni ma na fara ɗinka barguna na sayarwa, ba na marayu ba, na ƙyallayen da nake tsinta wurin teloli. Matan malaman jami'a suna son su ƙwarai, sun ce aikin hannu ne. Amma aikin hannu cin rai gare shi. Bargo ɗaya sai ya ci wata da watanni, yatsu su huhhuje, wuya ya sage. Wata rana na shiga sayen zare shagon wani dattijon Bayarbe, Baba Lasisi, sai na ga wani baƙin keke a lungu, kansa ya fi na sauran girma. Ya ce a gwanjon kayan wata Baturiya ya saya, matar wani malamin jami'a da suka koma ƙasarsu, ita ma barguna take ɗinkawa irin nasu.

Ya sa ƙyalle ya taka mini in gani. Ƙararsa ma ba irin ta keke ba ce. Ba ya wannan ɓarin na kekunan teloli, sai dai tak, tak, tak, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Da ya zaro ƙyallen sai da na riƙe baki. Zare ya fito, ya nutse, ya bar fili, ya sake fitowa, sak ɗinkin hannu. Sai ya juya bayan, na ga zaren ya yi sarƙa kamar kitso.

Ya ce da Hausarsa, "Mama, sama hannu ne, kasa keke ne. Zare daya ne kawai. Ka ja bakinsa, duka ya tafi."

Na ce to me ya sa shi ba ya aiki da shi.

Ya ce, "Ni ba na son abin da yana yin karya."

Da ina da hankali da na tsaya nan. Sai na koma gida na sayar da akuyata da tasoshin aurena, aka ɗoro mini keken a amalanke har Samaru. Na kuma gano dabara: in na gama ɗinki sai in ƙara wani zane a baya in rufe sarƙar. Ban taɓa buɗe baki na ce wa mai saye aikin hannu ne ba. Su ne ke shafawa su ce, kai, Dije, hannunki kamar inji, ni kuwa in yi murmushi. Ki sani, Bilki, wannan murmushin ƙarya ne, kuma ya fi ta baki muni, don ko tuba mutum ya zo yi sai ya ce ai ban faɗa ba. Duk aikin da za ki yi, in kin ga sai kin rufe bayansa kafin ki miƙa, ki ajiye shi.

Yanzu na zo kan wauta ta uku.

Bayan an gama yaƙin basasa da kaɗan, da damina, zazzaɓi ya kama Iyarki a gidanku na Unguwar Gabas. Kafin mu gama cewa za ta tashi, ta tafi. Mahaifinki ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yau yana nan gobe yana kudu, sai ya kawo mini ke kina 'yar shekara bakwai, da ƙullin kayanki. A lokacin ciwon yanar ido ya rufe idon Gwaggo, ba ta iya zura zare. Ta aiko mini da zannuwan Asabe da saƙo: "Ke za ki ɗinka. 'Yar'uwarki ce, kin fi kowa sanin sunanta."

Na yi alwala, na ɗauki allura, wallahi da niyya mai kyau. Amma kowane ƙyalle na ɗaga sai ya yi mini magana. Wannan shuɗin mai zanen tsuntsaye shi ta ɗaura ranar sunanki. Wancan mai ruwan ƙasa tare muka saya, har muka yi faɗa a kan wa za ta ɗauki wanne. Na buɗe baki in ce Asabe, Allah Ya jiƙan ki, sai na kasa. Faɗin haka yarda ce cewa ta mutu, ni kuwa ban yarda ba. Sai na kalli keken. Shi ba ya bukatar a gaya masa sunan kowa. Kafin la'asar na gama layukan duka.

Da na zo naɗe gefe, na zagayo har kusurwa ta ƙarshe, na ga wurin da ya kamata in ɗaga ƙafa. Zan iya ce miki keken ne ya fi ƙarfina, ya wuce kafin in farga. Ba haka aka yi ba. Na ga wurin sarai. Na ce a raina, in dai gaskiya ne tana zuwa, to ta zo ta zauna, ina za ta je ta bar mu? Na ci gaba da takawa har ɗinkin ya hau kan inda ya faro. Na kawo zane na rufe bayan, na lulluɓa miki.

Da farko murna na yi. Ke da kike kuka ba dare ba rana, sai ga ki kina barci. Amma sannu a hankali sai kika daina rabuwa da bargon. Damina ta wuce, aka shiga zafin kaka, mutane suna neman inuwa, ke kina ƙudundune a ciki, kuma ko gumi ba kya yi. Kika rage cin abinci. Kika daina fita wasa. In na yi miki magana sai kin ɗan karkata kai tukuna, kamar mai jiran wani ya gama tasa maganar, sannan ki amsa mini.

Rannan na lallaɓa na zare shi don in shanya. Bilki, ni na ɗinka bargon nan, na san nauyin audugar da na zuba. Abin da na ɗauka ya yi nauyin jiƙaƙƙen bargo, alhali a bushe yake. Kuma da ɗumi a tsakiyarsa, ba ɗumin jikin yaro ba, faɗinsa ya fi ki. Na ɗora shi a igiya, igiyar ta lotsa har ƙasa. Ƙamshin man da Asabe ke shafawa ya cika tsakar gida, ni kuwa da hannuna na wanke zannuwan nan da sabulu kafin in yanka su.

Abin da ya karya ni ya faru ne da tsakar rana, lokacin da unguwa take yin tsit, maza suna wurin aiki, ko kaji sun lafe. Ina tsince shinkafa a gindin zogale sai na ji tak, tak, tak daga ɗakin ƙurya. Na ce ko kunnena ne. Ya ci gaba, a hankali, ba gaggawa. Na tashi na ɗaga labule. Ga ki zaune a ƙarƙashin keken, lulluɓe da bargon, kin sa hannu biyu kina danna abin takawa. Allura tana hawa tana sauka, ba ƙyalle a ƙarƙashinta. Idonki a buɗe, amma ba ni kike kallo ba.

Na ce, "Bilki, me kike yi nan?"

Kika ce, da muryarki ta kullum, kamar mai ba da saƙon cefane, "Inna, Iya ta gaji. Ta ce ta zagaya, ta zagaya, ba ta ga ƙofa ba."

Ba wanda ya taɓa gaya miki maganar ƙofa. Ko Malam bai sani ba. Na zauna a dokin ƙofa, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba.

Ga wauta ta huɗu, kuma ita ta kusa kashe ki: na yi shiru. Na kai ki asibiti aka ba ki maganin tsutsar ciki. Na karɓo miki rubutu kika sha. Kowa na gaya masa ba kya cin abinci, ba wanda na gaya wa abin da na yi, don kunya. Ban kuma ɗauki reza na farke kusurwar ba, ko da yake na san nan ne, don wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗin ƙamshin nan a gidana. Kina ramewa ina kallo, har wuyanki ya zama kamar na ɗan tsako. 'Yata, za ki riƙe rayukan mutane a hannunki. Ranar da kika yi kuskure, ki faɗa tun ana iya gyarawa, ko da za a zage ki a gaban kowa. Zagi ba ya kai mutum kushewa.

Malam ne ya gaji, ya tafi Dogarawa ya ɗauko Gwaggo a motar haya. Suka iso rana tana tsaka. Aka riƙo hannunta har bakin gadonki. Ba ta tambayi komai ba, ta shafa kanki, sannan ta sa yatsu a kan bargon tana bin layi.

Ta ce, "Dije, wa ya yi ɗinkin nan?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

"Ba ke ba ne. Na san hannunki. Kina gaggawa a farkon layi, ki gaji a ƙarshe. Mai wannan ɗinkin bai gaji ba, bai ja numfashi ba, bai tsaya share hawaye ba."

Ta kama gefen tana bi da yatsa. Ta wuce kusurwa ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta dawo inda ta fara. Ta ɗago fuska da fararen idanun nan nata ta juyo daidai inda nake tsaye.

"Ina ƙofan?"

Na fashe da kuka na gaya mata duka, har da abin da na ce a raina. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta sa haƙori ta farke zanen da na rufe baya da shi, ta lalubo bakin zaren sarƙar, ta damƙa mini.

Ta ce, "Ke kika rufe, ke za ki buɗe. Kira sunanta."

Na ce, "Asabe." Na sake cewa, "Asabe, Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kin huta." Sannan na ja.

Yadda Baba Lasisi ya faɗa haka aka yi. Zaren ya taho ba tsayawa, yana warwarewa da kansa, ya zagaye bargon kaf, gefen ya buɗe. Ba iska ko kaɗan ranar, ganyen zogale ma ba ya motsi. Amma labulen ɗakin ya ɗaga, kuma waje ya yi, ba ciki ba. Kajin da ke kwance a tsakar gida suka tashi suka dare biyu, kamar yadda suke yi in mutum zai wuce. Malam yana tsaye a wurin, ki tambaye shi, ko da yake ba ya son maganar. Ke kuwa kika yi wata doguwar ajiyar zuciya, kika ture bargon da ƙafa, kika ce zafi kike ji, a ba ki fura.

Gwaggo ta sa na warware sauran layukan duka, na sake ɗinka bargon da allura, kowane layi da sunan Asabe. Ban gama ba sai da wata damina ta zagayo, ita kanta Gwaggo ta rasu ba ta ga ƙarshensa ba. Idan kin duba za ki ga ɗinkin ya karkace a wurare da yawa, inda ido ya cika da ruwa ne. Shi ne bargon da ke akwatinki, nauyinsa nauyin auduga.

Keken kuwa na mayar wa Baba Lasisi ya ƙi karɓa, kuma ban ga wanda na tsana da zan sayar wa ba. Na cire allurar, na lulluɓe shi. Duk da haka wani lokaci da tsakar rana nakan ji tak, tak, sau biyu ko uku, ya yi shiru. Malam ya ce ɓera ne. To, wataƙila ɓerayen Samaru ma sun yi boko har sun koyi ɗinki. Ni dai ba zan ɗora miki shi a mota ba. In kin samu hali ki sayi keke na kowa da kowa, wanda samansa keke, ƙasansa keke, ba ya rantsuwa da hannun wani.

Saura abu ɗaya. Kin tuna yadda na yi ta ja da tafiyar nan taki. Na ce Jos da nisa, na ce da sanyi, na ce wa zai kula da ke, har kika daina cin abinci a gabana. Kwanan baya da na fito da bargon in shanya, ina kaɗe shi sai hannuna ya faɗa cikin kusurwar nan har wuyan hannu. Na tsaya a rana ina kallon hannun. Na gane ƙafata tana kan abin takawa kuma, na zo kusurwa ta ƙarshe, ina shirin wucewa. Da yamma na ce wa Malam a nemo miki akwati.

Saboda haka sanyi zai shiga ta wurin, ki haƙura, ki juya kusurwar wajen ƙafa. Audugar in ta leƙo ki mayar da yatsa. In wata rana kika ji ƙamshin man da ba naki ba, kada ki firgita, kada ki kuma riƙe. Ki ce Allah Ya jiƙan ki, Iya, ki ci gaba da abin da kike yi.

Nawa zannuwan suna cikin adaka, na ware masu laushin a gefe ɗaya. Lafiyata ƙalau, kada ki tayar da hankalinki, amma rai ba a bakin komai yake ba. Ranar da aka kawo miki su, ki yi alwala, ki ɗinka da hannunki ko ɗinkin zai karkace, ki kira sunana ko da zai tsaya miki a wuya. Kuma ki bar mini taƙina ɗaya, ki ma ɗan ƙara. Asabe mai haƙuri ce, ita ta nemi ƙofa da kanta. Ni na san halina a kanki, Bilki. In na shigo, sai kin nuna mini hanya.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa albarka a hannunki, Ya dawo mini da ke lafiya in lokacin dawowa ya yi. Allah Ya jiƙan Asabe da Gwaggo Tabawa, Ya kyautata namu zuwan.

Ni ce Innarki,
Dije.